Iya Ta Daina Zuwa Islamiyya: Muhawara Kan Ɗigar Fitsari Bayan Ɗaukewar Al'ada

Maman Haidar: Assalamu alaikum matan gida. A yi min haƙuri da dogon rubutu, abin ne ya kwana biyu yana cina. Uwar mijina ce, gida ɗaya muke a wani ƙauye can bayan Ringim. Ta ba sittin baya, amma mace ce mai kazar-kazar, har bara ita ke matse gyaɗarta ta yi ƙuli-ƙuli. Ba ta fashin islamiyyar dare, biki ko suna kuwa in ba a ga Iya ba to ba lafiya. Tun bayan babbar salla ta janye jiki. Kullum da uzurinta, yau ƙafa, gobe jiri.

Shekaranjiya na zagaya bayan rumbu ɗebo ƙaiƙayi, sai na tarar da tsummokara a shanye a jikin danga, inda ba mai gani. Ita da ta daina al'ada tun kafin a kawo ni gidan, me za ta yi da ƙunzugu? Sai na haɗa da zarnin da nake ji a ɗakinta duk da turaren wutar da take bankawa. Na kuma lura daga la'asar ba ta ƙara kai ruwa bakinta, da wannan uban zafin.

Tambayata: yoyon fitsari ne irin na masu doguwar naƙuda? Yana kama tsofaffi ne dama? Kuma ta ina zan fara, ni da ko sunanta ba na iya faɗa?

'Yar Gumel: Wa alaikumus salam. Ku kai ta Jahun kawai, can ake aikin yoyon fitsari kuma kyauta ne. Ƙanwar facalata can aka yi mata ta warke sarai.

Uwar Biyu: Haba, wane irin Jahun? Tsufa ne. Kakata haka ta yi har ta koma ga Allah, ba wanda ya kai ta ko'ina. Ki ƙara mata zannuwa da sabulu, ki yi kamar ba ki gani ba. Rufin asirinta ya fi mata magani.

Maman Ilham: Sanyi ne ya yi mata yawa. Duk macen da ta haihu a ƙauye ba a yi mata wankan jego yadda ya kamata ba, ƙarshenta kenan.

Sista Mai Awo: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Gaya, shekarata goma sha huɗu ina awo da karɓar haihuwa. Bari mu fara raba abu biyu, don haɗa su da muke yi shi ke sa iyayenmu ɓuya.

Yoyon fitsarin da ake aikinsa a Jahun ɓula ce. Kan jariri ya daɗe a maƙale lokacin naƙuda, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya faɗi, ƙofa ta buɗe. Wani lokacin yankan gishiri ne ke jawo shi. Mai wannan ba ta da hutu, fitsari na zuba dare da rana, ko ta yi tari ko ba ta yi ba, kuma yakan fara ne kwanaki kaɗan bayan haihuwar. Shi ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke gyarawa a babban asibitin Jahun tun 2008, ana yi a cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala a Kano, ana yi a Babbar Ruga ta Katsina.

Abin da Maman Haidar ta kwatanta ya fi kama da ɗaya abin. Mace ta yi shekara ashirin rabonta da haihuwa tana lafiya lau, sai bayan al'ada ta ɗauke fitsari ya fara kufce mata. Wannan ba ɓula ba ce, riƙo ne ya yi rauni. Kuma ya fi wancan yawa nesa ba kusa ba. Sai dai hukunci na ƙarshe sai an duba ta.

'Yar Gumel: To ai ni duk ɗaya na ɗauke su. Allah Ya sa ban sa an kwashi tsohuwa an kai ta cikin masu jego ba.

Maman Haidar: Sista, wallahi har na ji sanyi. Da na ambaci Jahun a gidan nan, da Iya ta ce na yi mata baki. Amma da kika ce ya fi yawa, yawan kamar yaya? Ni ban taɓa jin wata ta ce tana da shi ba.

Sista Mai Awo: Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban yakan faɗo ne tsakanin kashi 25 zuwa 45 cikin 100 na manyan mata da ke cewa fitsari na kufce musu ko da lokaci-lokaci. Adadin yana hawa da shekaru. Al'ada takan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma daga nan ne masu fama da shi ke ƙaruwa. Wato in kin shiga ɗakin suna kin ga dattijai goma a kan tabarma, ki ƙaddara uku ko huɗu suna da labari.

Uwar Biyu: Sista da girmanki, wannan lissafin Turawa ne. Su da ba sa wankan ruwan zafi, ba sa shan kunun kanwa. Matanmu na ƙauye ƙarfi gare su. In uku cikin goma ne, ina suke? Ai da gari ya ɗauka.

Sista Mai Awo: Suna bayan rumbu suna shanya tsumma, Uwar Biyu. Ke da kanki kika ce kakarki ta yi. Maman Haidar ta ce surukarta. Mutum nawa suka yi magana a nan kafin mu samu biyu?

Gaskiyarki ɗaya: tazarar 25 zuwa 45 tana da faɗi, kuma dalilin shi ne yadda ake tambayar. In ka ce "ya taɓa kufce miki cikin shekarar nan?" za ka samu da yawa. In ka ce "kullum ne?" za su ragu sosai. Amma batun ƙarfin matan ƙauye, ni abin da nake gani akasin haka ne. Abubuwan da ke gajiyar da naman ƙasan mara mu muka fi kowa tara su: haihuwa takwas, tara, goma, jan guga a rijiya mai gaba ashirin, ɗaukar jarka da dammin itace, daka da surfe tun ana 'yan mata, ga tarin hayaƙin murhu da ba ya warkewa. A wurin aikina ba na tuna wadda ta yanki kati ta ce min fitsari ne ya kawo ta. Ciwon ƙugu za ta ce, ko jiri. Sai na tura ƙofa na rage murya na tambaya, sannan ta sunkuyar da kai ta ce "ai ya daɗe".

Hajiya Babba: To bari in cire kunya, tunda ba ganina kuke yi ba. Shekarata 57, haihuwa tara, bakwai a raye. Ina cikin ukun da Sista ke faɗa. Nawa ya fara ne wajen shekara biyu bayan jini ya ɗauke. Ranar farko a gidan biki ne, ana wasan kakanni da jikoki, wata ta yi barkwanci na ƙyalƙyale da dariya, sai na ji ɗumi. Na zauna a wurin kamar an dasa ni har aka watse, ina cewa ƙafata ce ta yi sanyi. Daga ranar na koyi dariya da baki rufe. Atishawa in ta taso sai na haɗe ƙafafu. Abin da ya fi ƙona min rai salla. Na yi alwala, na tayar, ina yin ruku'u sai na ji ɗigo. Na sallame, na canza zani, na sake. Akwai azahar ɗin da na yi sau huɗu, na zauna ina kuka a kan sallaya.

Uwar Biyu, kin ce a yi kamar ba a gani ba. Ni shekara uku ana yi min kamar ba a gani ba, kuma na san an gani. Jikata ce ta ce "Hajiya ɗakinki yana wari", uwarta ta make mata baki. Wannan makewar ta fi maganar yarinyar yi min ciwo.

Maman Haidar: Allah sarki Hajiya. Wallahi sai da na yi hawaye. Allah Ya saka da alheri da kika faɗa.

Uwar Biyu: Allah Ya ba ki haƙuri Hajiya, ban faɗa don cin fuska ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ba suruka ce za ta ɗaga zancen ba.

Maman Ilham: Ni tambayata, me ya haɗa ɗaukewar jini da fitsari? Hanyarsu ma ba ɗaya ba ce.

Sista Mai Awo: Hanya daban, amma maƙwabta ne kuma abinci ɗaya suke ci. Akwai sinadarin da ƙwayayen mace ke fitarwa, istirojin, shi ke sa fatar cikin farji da ta bututun fitsari ta kasance da kauri da laushi da danshi. Bututun fitsarin mace gajere ne, bai wuce santimita huɗu ba, don haka rufuwarsa ta dogara da wannan kaurin da kuma naman da ke tallafe da shi daga ƙasa. In al'ada ta ɗauke sinadarin ya ja baya, fatar ta yi siriri ta bushe. Naman ƙasan kuma dama haihuwa ta riga ta miƙar da shi. Kamar bakin zaren wando ne da ya saki, ga kuma nauyi.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na Hajiya Babba shi ne na matsi: tari, atishawa, dariya, ɗaga tulu, ruku'u, sai kaɗan ya fito. Na biyu shi ne na gaggawa: tana zaune lafiya sai fitsari ya matse ta lokaci ɗaya, kafin ta ɗauki buta ta kai makewayi ya zubo, wani lokacin da yawa. Jin ƙarar ruwa ko taɓa ruwan sanyi kan tayar da shi, kuma mai shi takan tashi sau da yawa cikin dare. Tsofaffi da dama suna da duka biyun a haɗe.

Mai Kayan Mata: Hajiyoyi ku daina wahala. Ina da haɗin matsi na musamman, sati ɗaya an gama, ana sha ana matsawa. Mai so ta biyo ni ta gefe, ana aikawa ko'ina a Kano da Jigawa.

Shugabar Zaure: Mai Kayan Mata, ranar talla Asabar ce, kin sani. Na bar wannan ne kawai don Sista ta amsa.

Sista Mai Awo: Don girman Allah kada a cusa wa tsohuwa komai. Fatar da na ce ta yi siriri, in aka sa mata alif ko kanwa ko wani haɗi mai yaji, ƙonewa take yi ta tsage, sai ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Kuma kada wanda ya kai ta wurin wanzami da sunan gishiri ne ya tare mata. Ta nan ne mai ɗigo ke komawa mai ɓula.

Mai Kayan Mata: Ku 'yan asibiti komai na gargajiya sai kun kushe. Iyayenmu da bagaruwa suka rayu.

Hajiya Babba: Na zauna a ruwan bagaruwa har sai da zannuwana suka rine, 'yar nan. Wari yana raguwa, ban musa ba. Ɗigo kuwa ko ɗaya bai fasa ba.

Maman Sadiya: Ni abin da ban so ba a maganar Sista shi ne sako haihuwa. Duk inda aka zaga sai an dawo kan a rage haihuwa. Gwaggona ba ta taɓa ko ɓari ba, amma tana fama da wannan abin. To ita wa ya miƙar mata da nama?

Sista Mai Awo: Gwaggonki shaida ce a kan cewa ba haihuwa kaɗai ba ce, kuma ban ce ita kaɗai ba ce. Shekaru kansu suna yi, ƙiba tana yi don kitsen ciki yana danne mafitsara, taurin bahaya yana yi saboda yunƙurin kullum, ciwon suga yana yi. Amma in na ce miki haihuwa ta farji ba ta ƙara haɗarin, musamman in yaron babba ne ko naƙudar ta ja, na yi miki ƙarya. Ban zo hana kowa haihuwa ba, ita Iya ma ai ta gama tata.

Maman Sadiya: To na ji. Amma dai a riƙa faɗar duka.

Malama Ta Islamiyya: Bari in shigo ta wajen salla, don maganar Hajiya Babba ta tsaya min a rai. Hajiya, wahalar da kika sha addini bai ɗora miki ita ba. Malaman fiƙihu suna kiran wannan salasul bauli, kuma babinsa a buɗe yake tun a Risala, inda aka ce an so mai shi da mai jinin istihala su yi alwala a kowace salla. A mazhabar Malikiyya, in ɗigon ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. In kuwa jefi-jefi yake zuwa, lokacin da babu shi ya fi yawa, to yana warwarewa, sai ta sake alwala. Abin da ya taɓa zani kuma, in abu ne da ke zuwa kullum ko da sau ɗaya a yini, an yi rangwame a kansa. Ta yi tsarki, ta sa ƙyalle mai tsabta, ta yi sallarta. Ba wanda ya ce ta bar makaranta ko tarawi.

Ummu Abdallah: Malama, mu abin da aka karantar da mu shi ne alwala a kowace salla wajibi ce gare ta bayan lokaci ya shiga, ba mustahabbi ba.

Malama Ta Islamiyya: Haka sauran mazhabobi suka tafi, kuma wadda ta yi hakan ta fita daga saɓani. Amma ki lura, ko a can ba a ce ta yanke salla ta sake don ɗigo ya zo tana ciki ba. Alwala ɗaya, salla ta tafi. Sau huɗun nan da Hajiya ta yi babu shi a ko'ina.

Hajiya Babba: Malama ina kike tun shekara biyar da suka wuce? Da wane bakin zan tambayi liman wannan?

Malama Ta Islamiyya: Laifinmu ne. Muna karanta babin haila da biƙi dalla-dalla saboda amare, in an zo wannan layin sai mu wuce da gudu, ga dattijan a sahun baya suna jira.

Maman Haidar: Sista, batun ruwan da ta daina sha fa? Ni a ganina dabara ce mai kyau, tunda in ba a sha ba ba za a fitar ba.

Sista Mai Awo: Ita ce dabarar da kowacce ke fara yi, kuma ita ke ƙara dagula abin. In ruwa ya yi ƙaranci fitsari yakan yi kauri ya yi ja, ya riƙa tsikarar mafitsara, sai matsuwar ta ƙaru, zarnin ma ya fi ƙarfi. Ga taurin bahaya, ga ciwon mafitsara, ga jiri a wannan zafin. Ta sha ruwanta da rana sosai, kaɗan-kaɗan, sai ta rage in ya rage awa biyu ko uku ta kwanta. Mafitsara lafiyayya tana ɗaukar kusan ledar fiya wata guda kafin ta matsa, ba ƙaramin wuri ba ne.

Abin da ya kamata ta rage ba ruwa ba ne. Shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba baƙi, da goro. Duk akwai sinadarin kafeyin (caffeine) a cikinsu, yana ƙara fitsari yana kuma zaburar da mafitsara.

Maman Haidar: Goro? Tab. Sista kin taɓo inda ba a taɓawa. Iya ta fi yarda a hana ta tuwo.

'Yar Gumel: Tsohuwa da goro ai sai mutuwa ta raba.

Hajiya Babba: Ni daga biyar na koma ɗaya, da safe kawai. An ga bambanci, amma ban yafe wa wadda ta sa ni ba.

Uwar Biyu: To wai yana warkewa ne, ko dai lallaɓawa ake yi? Don in lallaɓawa ce mun dawo maganata.

Hajiya Babba: Ni dai ga nawa. 'Yata ce ta matsa ta kai ni wani asibiti a birni. Zuwan farko ban ji daɗi ba, wani yaro a wurin yankar kati ya ɗaga murya a gaban layi yana cewa "Mama me ke damunki, faɗi mana", na ce ciwon kai na karɓi farasitamol na dawo gida. Zuwa na biyu muka dace da likita mace. Ta duba ni, ta ce mahaifa ta ɗan sauko amma ba ta kai ga aiki ba, ta koya min matse ƙasa. Wata na farko ban ga komai ba, na ce an yaudare ni. Wajen wata na uku na yi atishawa a tsakar gida na tsaya ina jira, shiru. Yanzu sai in mura ta kama ni da tari mai ƙarfi nake sa ƙyalle. Ban ce na koma budurwa ba, amma ina zuwa biki ina dariyata.

Maman Ilham: Wane irin matse ƙasa kuma? A koya mana mana.

Sista Mai Awo: Wani likitan mata ne a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana shi a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Ga yadda nake koya wa matan ƙauye, ku yafe min lafazin. Ki ɗauka kina zaune gaban surukai tusa ta taho. Wannan naman da kike matsewa ki riƙe ta, shi ne. Ki matse shi tare da na gaba, ki ja sama kamar kina zuƙe shi ciki, ki ƙirga biyar, ki saki ki huta biyar. Sau takwas a zama ɗaya, zama uku a yini. In ya yi ƙarfi ki kai ƙirga goma. Ba a riƙe numfashi, ba a matse cinya ko ɗuwawu, ciki ma a sake yake. A fara a kwance, ya fi sauƙi. Kada a mai da shi al'adar tsayar da fitsari ana cikin yi, wannan yana hana mafitsara juyewa duka. Ina ce musu su ɗaura shi a bayan asuba, azahar da isha don kada a manta. Sai an yi aƙalla wata uku ana yi kullum kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Sannan duk lokacin da tari ko atishawa ta taso, ko za a ɗaga abu mai nauyi, a riga ta matsewa.

Mai na gaggawa kuma horon mafitsara ake yi mata. In kowace awa take zagawa, ta daure ta ƙara minti goma sha biyar, in ta saba ta ƙara, a hankali har ta kai awa uku. Shi ma sai an ba shi mako shida. In waɗannan ba su isa ba akwai man istirojin da likita ke rubutawa ana shafawa a ciki, akwai ƙwayoyi masu kwantar da mafitsara, sai dai suna busar da baki kuma suna iya rikita tsofaffi, don haka ba na kemis ba ne. Akwai zoben roba da ake sawa ya tallafi mahaifar da ta sauko. Aiki shi ne na ƙarshe.

'Yar Gumel: Wallahi ina karantawa ina gwadawa. Na san ba ni kaɗai ba ce, kowa ta faɗi gaskiya.

Maman Sadiya: Ni ma an kama ni. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Sista Mai Awo: Ƙari ɗaya, Maman Haidar, kuma shi ya sa ban yarda da a zuba ido ba. Wani lokacin ɗigon ɗan aike ne. Ciwon suga kan fara nuna kansa da yawan fitsari da ƙishirwa. Ƙwayar cuta a mafitsara kan sa tsohuwa ta kasa riƙewa ko ba zafi. Wasu magungunan hawan jini aikinsu kenan su sa fitsari. Gwajin fitsari da na suga ana yi a ƙananan asibitoci da yawa, ba sai an je Dutse ko Kano ba. Amma in akwai jini a fitsari, ko jini ya dawo ta farji bayan al'ada ta daɗe da ɗaukewa, ko tana jin wani abu yana leƙowa daga gabanta, ko ƙafafu sun mutu, wannan babban asibiti ne kai tsaye. Mutanen bakin kogi da fadama kada su ce tsargiya ce kawai su share, a tsohuwa sai an duba.

Maman Haidar: Tana shan na hawan jini kuwa. Baban Haidar ke saya mata, kuma da dare take sha. To yanzu saura babbar: wa zai faɗa mata? In na gaya wa ɗanta, ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya ce "Iya an ce kina fitsari", na kashe aurena da hannuna.

Uwar Biyu: Yawwa, nan nake. Ba ke ba, ba shi ba. Ba ta da 'ya mace?

Maman Haidar: Tana da, tana aure a Taura. Amma 'yar fari ce, ko sunanta Iya ba ta faɗa, balle wannan.

Hajiya Babba: To ki bar 'ya'ya. Nemi sa'arta. Kowace tsohuwa tana da aminiyar da suke raba goro. Kuma kada aminiyar ta ce "an ce kina da", ta ce "ni ina fama da kaza, raka ni asibiti". In ta girme wa hamsin da wuya ma ta zama ƙarya ta yi. Ke kuma naki aikin shiru ne: ki ajiye mata fo a ɗaki da dare ki ce saboda duhu da kunama, ki ƙara mata sabulu, ki bar mata igiyar shanya ta bayan ɗaki ba tare da kin ce komai ba. Ƙyallen auduga mai laushi ya fi tsumman leshi, a wanke a shanya a rana, ta shafa man kaɗanya ko basilin don kada fata ta saɓule. Famfas ɗin manya ki bar shi sai tafiya ta kama, kuɗinsa ba na kullum ba ne, kuma in kika miƙa mata shi kin gama da ita.

Uwar Biyu: Wannan na yarda da shi.

Maman Haidar: Akwai Inna ta gidan maƙera, tare suka yi 'yan matanci. Bari in gwada.

Maman Haidar: Salamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na samu Inna a gidanta na yi ta kewaye-kewaye, ta katse ni ta ce "ke yarinya, fitsarin ne? Ai mun daɗe muna yi tare." Ashe su biyun sun san na juna, kowacce ta ɗauka ba shi da magani. Da ƙyar ta yarda su je, sai da na karanta mata abin da Hajiya Babba ta rubuta. Ranar Talata suka hau mota su biyu da sunan awon hawan jini. An samu ƙwayar cuta a fitsarin Iya an ba ta magani, suga lafiya lau, maganin hawan jinin kuma an ce ta mai da shi safe. Inna ce aka ce ta koma babban asibiti a duba mahaifarta.

Iya ba ta ce min komai ba, ni ma ban ce ba. Ta dai yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, ina jin ta gane daga inda abin ya fito. Jiya da magariba na ga ta cika kofin silba ta shanye. Islamiyya ba ta koma ba tukuna.

Malama Ta Islamiyya: Ki faɗa wa malamarsu ta karanta babin a aji ba tare da ta kalli kowa ba. In ba ta da littafin zan turo miki hoton shafin.

Sista Mai Awo: Madalla. Ta shanye maganin duka ko ta ji sauƙi. An koya musu matsewar?

Maman Haidar: An koya musu. Inna ta ce sun yi ta dariya a mota har abin ya so ya faru. Goro dai Iya ta ce a gaya wa likitan ba ta ji wannan ba.